Batman v Superman: masu sharhi sun kushe, masoya sun yaba, wa za a gaskata?

Ɗanliti

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka laƙanci harkar fina-finan da ake ɗaukowa daga littattafan komik ce. Tun da Batman v Superman, fim ɗin jaruman kamfanin komik na DC, ya fito a watan Maris na 2016 gardamarsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A shafin Rotten Tomatoes makin masu sharhi bai kai kashi 30 cikin 100 ba, na 'yan kallo kuwa ya haura 60. A watan Agusta na shekarar aka maimaita da Suicide Squad, har wasu masoya suka buɗe takardar koke a Change.org, dubban mutane suka sa hannu, suna neman a rufe shafin baki ɗaya, wai an ɗaure wa Marvel gindi ana danne DC.

Ina son a warware mini yadda fim guda zai sami maki biyu masu nisa haka. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganar cewa Disney, mai kamfanin Marvel, na sayen masu sharhi? Kuma in mutum yana son sanin ko fim ya karɓu kafin ya ba shi kuɗinsa da lokacinsa, wane adadi ya kamata ya duba?

Baban Ummi

Wa alaikumus salam, Malam Ɗanliti. Kafin a je ga batun cin hanci sai an gane abin da adadin yake aunawa, domin a nan yawancin masoya suke tuntuɓe.

Makin da kake gani ba hukuncin shafin ba ne. Shafin yana tattara sharhin da aka buga a jaridu da mujallu da tashoshin da ya amince da su, ya jefa kowanne a ɗaya daga gida biyu: ya yaba, ko bai yaba ba. Babu gida na uku. Sai a raba yawan waɗanda suka yaba da jimillar sharhin. In sun kai kashi 60, a manna wa fim ɗin jan tumatir, in sun gaza, a manna masa koren da ya fashe. Ƙidayar hannuwa ce kawai kamar ta taron unguwa: an san mutum nawa suka ɗaga, ba a san wanda ya ɗaga da zuciya ɗaya da wanda ya ɗaga yana ƙunƙuni ba.

Ɗauki misali. Masu sharhi 100 sun kalli fim, kowannensu ya ce ba laifi, ya ba shi 6 cikin 10. Wannan fim zai iya tashi da kashi 100. Wani fim kuma mutum 50 sun ba shi 10 cikin 10, sauran 50 sun ba shi 5 suka ce bai gamsar da su ba. Shi zai tashi da kashi 50, ruɓaɓɓe ke nan a ma'aunin shafin, alhali matsakaicin makinsa 7.5 ne, ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Wato tsarin yana fifita fim mai lallaɓa kowa, yana hukunta wanda ya raba kan jama'a. Fina-finan Marvel na wancan lokaci an gina su ne don kada su ɓata wa kowa rai: ga raha, ga labari miƙaƙƙe, ga jarumi mai shiga rai. Na Zack Snyder, daraktan Batman v Superman, kuwa duhu ne da nauyi, ko ka so shi ƙwarai ko ka ƙi shi. Tun kafin kowa ya taɓa alƙalami an san wanda wannan lissafi zai fi yi wa daɗi.

Matsakaicin makin da masu sharhi suka ba Batman v Superman yana wajen 5 cikin 10. A Metacritic, inda ake mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100 sannan a fitar da matsakaici, ya sami 44. Don haka abin da suka faɗa shi ne fim ɗin tsaka-tsaki ne mai matsaloli, ba su ce shara ba ne. Masoyi ya ga 29 ko 28 sai ya karanta shi kamar makin jarrabawa, ransa ya ɓaci a kan maganar da ba a yi ba.

Makin 'yan kallo ma ƙidayar hannuwa ce, amma da wani layi daban: duk wanda ya ba da tauraro uku da rabi zuwa sama cikin biyar, an lissafa shi a masu yabo. A 2016 kuma ba a tambayar kowa shaidar ya ga fim ɗin. Ka buɗe asusu, ka danna taurari, shi ke nan. Ga kuma bambancin mutanen su kansu. Mai sharhi aikinsa ne ya kalli duk abin da ya fito, ko yana sha'awa ko ba ya yi, kuma yakan ga ɗaruruwan fina-finai a shekara, saboda haka abin da aka maimaita yana saurin gundurarsa. Shi kuwa wanda ya sayi tikiti tun makonni kafin fitowa, ya kuma ɗauki wahalar shiga shafi ya ba da maki, da ma can masoyi ne. Tara irin waɗannan ka tambaye su, dole makinsu ya ɗara.

Maman Hanif

Bayanin Baban Ummi daidai ne, sai dai kada lissafi ya rufe mana abin da ke cikin fim ɗin. Tazarar tana da tushe a kan allo, kuma babban tushen shi ne ɓangarorin biyu ba da kaya iri ɗaya suka shiga sinima ba.

Fim ɗin ya jingina da littattafai biyu. Na farko The Dark Knight Returns na Frank Miller, 1986, inda Batman ya tsufa, ya yi zafi, ya sa sulken ƙarfe ya tari Superman. Na biyu labarin mutuwar Superman a hannun Doomsday, 1992. Wanda ya karanta su, da ya ga sulken nan mai idanu masu haske ya san daga ina aka ɗauko. Da ya ga mafarkin hamada, da alamar omega a ƙasa da halittu masu fukafukai, ya san babban mugun nan Darkseid ake nufi, ya san kuma mutumin da ya leƙo ta cikin walƙiya yana gargaɗin Bruce Wayne, wato Batman, jarumi Flash ne daga wani zamani mai zuwa. Duk wannan fim ɗin bai bayyana ba. Masoyi ya cike giɓin da karatunsa ya ji daɗi. Mai sharhi ya ga mintuna sun tafi a kan abin da ba shi da alaƙa da labarin da ake ciki, ya rubuta cewa tallan fina-finan gaba aka cusa. Kuma yana da hujja, don fim da aka kashe wa kimanin dala miliyan 250 ba don mutanen da suka karanta littafin 1986 kaɗai aka yi shi ba.

Sai babbar matsala, wato yanka. Wanda aka nuna a sinima minti 151 ne. Wanda aka saki daga baya a faifai, Ultimate Edition, minti 182 ne. Rabin awar da aka cire ba ƙawa ba ce, ita ce ƙashin bayan makircin Lex Luthor, mugun fim ɗin. A na sinima, an kashe mutane da harsashi a wani ƙauye a Afirka aka ɗora wa Superman, kowa ya tambaya: yaushe Superman ya fara harbi da bindiga? A cikakken an nuna an ƙona gawarwakin don a ce zafin idonsa ne. An nuna matar da ta ba da shaida a gaban majalisa ta dawo ta amsa cewa sa ta aka yi. An nuna kujerar guragun da bam ɗin yake ciki an lulluɓe ta da dalma, shi ya sa idon Superman bai hango shi ba. An nuna Clark Kent, wato Superman, yana yawo a Gotham, birnin Batman, a matsayin ɗan jarida yana jin ta bakin talakawa game da Batman, wanda shi ne dalilin ƙiyayyarsa. Cire waɗannan sai labarin ya zama tsalle-tsalle, mutane suna yin abubuwa ba a san dalili ba. Masu sharhi sun yi hukunci a kan mai minti 151, kuma makin ya tsaya a kansa. Yawancin masu kare fim ɗin yau mai minti 182 suke karewa. Duk gardamar da ba a fara da tantance wanne ake nufi ba, ɓata yawu ce.

Kada kuma a ɗauka masoyan komik bakinsu ɗaya. Da yawa daga masu zafin suka daga cikinsu suke. Batman na fim ɗin yana kisa da bindigar motarsa da ta jirginsa, alhali a littafin Miller ɗin da aka jingina da shi harsashin roba yake harbawa daga tankarsa. Mutuwar Superman a 1992 ta girgiza mutane ne saboda sun shekara 54 tare da shi tun 1938, shi kuwa Superman ɗin da Henry Cavill ya taka an kashe shi a fitowarsa ta biyu, kafin mai kallo ya shaƙu da shi. An kuma tona Doomsday a tallan da aka saki a Disamba 2015, aka kashe mamakin da hannu.

Fitowar Martha kuwa, inda Batman ke shirin kashe Superman sai Superman ya ambaci sunan mahaifiyarsa Martha, wanda shi ne sunan mahaifiyar Batman ma, tunanin da ke bayanta mai kyau ne: Batman ya ji sunan mahaifiyarsa a bakin wanda yake ɗauka dodo, ya gane yana shirin zama irin mutumin da ya kashe masa iyaye. Inda aka gaza shi ne jerin maganar. Ɗa a bakin mutuwa cewa zai yi a ceci mahaifiyarsa, da wuya ya kira ta da sunanta. Masoya ma'anar suke karewa, masu sharhi kuma aiwatarwar suke suka, kuma mai kallon sinima aiwatarwar ce take fara isa gare shi.

Ɗanliti

Na gode, Hajiya, na gode Baban Ummi. Amma har yanzu ba a taɓa batun kuɗi ba. Shekara guda, Captain America: Civil War ya fito da labari mai kama da wannan, jarumai suna faɗa da juna, ya sami wajen kashi 90. Ba dole mutum ya yi zargi ba?

Sarkin Majigi

Zargin ba ya tsayuwa, ɗan'uwa, in aka duba wa ke da shafin. Warner Bros., kamfanin da ya mallaki DC ya kuma yi fim ɗin, shi ya sayi Rotten Tomatoes a 2011. A Fabrairu 2016, wata guda kafin fitowar Batman v Superman, ya sayar wa Fandango, kamfanin sayar da tikitin sinima, ya riƙe kashi 30 na hannun jarin Fandango ɗin. Ragowar na NBCUniversal ne a lokacin. Disney ba shi da ko sisi a ciki. Fandango kuma sana'arsa sayar da tikiti ce, ribarsa ita ce mutane su je sinima ko fim ɗin na waye.

Duba kuma makin da masu sharhin nan suka ba sauran. The Dark Knight na 2008, na DC ne, kashi 94. Wonder Woman na 2017, daga jerin da Snyder ya kafa, kashi 93. A ɗaya ɓangaren, Eternals na 2021 da Ant-Man and the Wasp: Quantumania na 2023, duka na Marvel a ƙarƙashin Disney, ba wanda ya kai kashi 50. Civil War ya yi nasara ne don ya zo bayan fina-finai goma sha biyu, mai kallo ya san Tony Stark (Iron Man) da Steve Rogers (Captain America) ciki da bai, saɓaninsu ya yi masa ciwo. Batman v Superman ya gabatar da sabon Batman, da Wonder Woman, da Luthor, da Doomsday, ya leƙa Flash da Aquaman da Cyborg, ya kuma kashe Superman, duk a zama ɗaya.

Amma akwai ƙorafin masoya da ke da tushe, kuma bai kamata a share shi ba. A Nuwamba 2017 shafin ya riƙe makin Justice League, bai sake shi ba sai a wani shirinsa na Facebook dab da fitowar fim ɗin, abin da ya sa aka yi zargin ana rufa wa Warner asiri ne, kishiyar abin da masu koken 2016 suka ce. A 2018 binciken sashen Annenberg na jami'ar USC ya nuna cewa a sharhin manyan fina-finai 100 na 2017, kashi 82 fararen fata ne suka rubuta, kusan kashi 78 kuma maza. A shekarar shafin ya sassauta sharuɗɗansa ya ƙara masu sharhi sama da 200. A 2023 kuma Vulture ta buga rahoton wani kamfanin talla da ake zargi da biyan ƙananan masu sharhi don a ɗaga makin ƙananan fina-finai. Wannan yana yiwuwa a fim mai sharhi 20 ko 30, inda mutum biyar za su juya adadi. A fim mai sharhi sama da 400 daga ƙasashe daban-daban, sayen adadin ba tare da asiri ya tonu ba abu ne mai wuyar gaske.

Inda aka tabbatar da maguɗi ƙarara, a makin 'yan kallo ne. A Yuli 2012, kafin The Dark Knight Rises ya fito, masu sharhin da suka fara kushe shi sun sha zagi har da barazanar kisa daga mutanen da ba su ma ga fim ɗin ba, dole shafin ya rufe sashen tsokaci. A farkon 2018 Facebook ya goge wani zaure da ke shirya rubdugu don karya makin Black Panther. A Fabrairu 2019 aka yi wa Captain Marvel irin wannan rubdugu makonni kafin fitowarsa, saboda haushin kalaman jarumar, Brie Larson. Rotten Tomatoes ya cire ma'aunin masu son kallo, ya hana tsokaci kafin ranar fitowa, a watan Mayu kuma ya fito da makin waɗanda aka tantance sun sayi tikiti ta Fandango. Shi kansa kamfen ɗin neman a saki Justice League kamar yadda Snyder ya tsara shi, wanda ya yi nasara a Maris 2021 da fim mai minti 242, Rolling Stone ta ruwaito a 2022 cewa binciken da WarnerMedia, uwar kamfanin Warner Bros. a lokacin, ya sa aka yi ya gano aƙalla kashi 13 na asusun da ke cikin maganar na bogi ne. Sauran mutane ne na gaske, sun kuma tara kuɗi masu yawa wa wata gidauniyar yaƙi da kisan kai a Amurka, wannan abin a yaba musu ne. Masu sharhin da ake zargi da ƙin Snyder sun ba wannan cikakken fim sama da kashi 70.

Baban Ummi

Saura tambayarka ta ƙarshe, Malam Ɗanliti, wane adadi za a duba. Ka fara da CinemaScore. Kamfani ne a Las Vegas da ke tura ma'aikata ƙofar sinima a wasu biranen Amurka da Kanada a daren farko, su raba wa masu kallo kati, kowa ya yaga gefen harafin da ya zaɓa daga A zuwa F. Ba asusun bogi, ba wanda bai ga fim ba. Sai dai a san yadda ake karanta shi: 'yan daren farko su ne masoya na gani-kashe-ni, don haka a fim ɗin jarumai A ne daidai, A- ba laifi, B+ alamar rauni, B kuwa ƙararrawa ce. The Dark Knight, Civil War, Wonder Woman da Captain Marvel duk A suka samu. Man of Steel ya sami A-. Suicide Squad B+. Batman v Superman B, daidai da Green Lantern na 2011. Ke nan ko a cikin masoyan da suka yi layi a daren farko, da yawa sun fito jiki a sanyaye.

Na biyu, faɗuwar mako na biyu. Batman v Superman ya buɗe da dala miliyan 166 a Amurka da Kanada, a ƙarshen mako na biyu ya faɗi da kashi 69. Suicide Squad ya buɗe da kusan miliyan 134, ya faɗi da kashi 67. Civil War ya faɗi da kusan kashi 60. A yi adalci, Batman v Superman ya buɗe ne a hutun Ista, wanda ya kumbura makon farko, amma hutu kaɗai ba ya jawo 69.

Na uku, ka raba jimillar kuɗin da fim ya tara a can da na buɗewarsa. Batman v Superman ya ƙare da miliyan 330, wato bai cika ninki 2 ba. Wonder Woman ya buɗe da miliyan 103 ya ƙare da 412, ninki 4. Makon farko talla ce ke cika sinima, makonnin baya kuwa bakin waɗanda suka gani ne. A fina-finan jarumai, ƙasa da ninki 2 yana nufin waɗanda suka gani ba su tura 'yan'uwansu ba, daga 3 zuwa sama yana nufin sun tura har sun koma.

Wani abu da ake iya lura da shi tun kafin fitowa shi ne takunkumin sharhi. Kamfani yana nuna wa 'yan jarida fim da sharaɗin kada su buga komai sai ranar da ya sa. In ya ɗage takunkumin mako guda ko biyu kafin fitowa, ya yarda da kayansa. In ya riƙe sai saura kwana ɗaya ko biyu, galibi akwai abin da yake tsoro. Gajerun saƙonnin yabo da ke fitowa a kafafen sada zumunta daren bikin buɗewa kuwa kada a dogara da su, don yawanci daga waɗanda aka gayyata ne.

Duk waɗannan suna nuna ko fim ya karɓu a wurin jama'a ne, ba ko zai yi maka ba. Venom na 2018 ya sami wajen kashi 30 a wurin masu sharhi ya kuma tara sama da dala miliyan 850 a duniya. Don sanin naka, ka zaɓi sharhi uku, ɗaya mai yabo, ɗaya mai kushe, ɗaya na tsakiya, ka karanta dalilansu ba makinsu ba. In mai kushe ya ce fim ɗin ya yi duhu, babu raha, kai kuma abin da kake nema ke nan, sukarsa ba ta shafe ka ba. In ya ce labarin bai haɗu ba, ba a gane dalilin da ya sa wane ya yi kaza, wannan aibi ne da zai sami kowa, masoyi ko ba masoyi ba.

Maman Hanif

Ƙari ɗaya ga wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba: ya fara da Man of Steel na 2013, domin a farkon Batman v Superman an nuna faɗan ƙarshen wancan fim ta idon Bruce Wayne yana ƙasa gine-gine suna rushewa a kan ma'aikatansa, kuma daga nan duk fushinsa ya samo asali. Sannan ya nemi mai minti 182, ya duba tsawon kafin ya kunna, don wasu manhajojin suna ɗauke da duka biyun. A kula kuma, cikakken an ba shi alamar R a Amurka saboda ƙarin jini da tashin hankali, na sinima kuwa PG-13 ne, don haka ba na kallo da ƙananan yara ba ne.